Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Fadar Zazzau Da Dayosis Ɗin Wusasa Kan Labarin Likita Mila

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zazzau da 'yan majalisarsa, da kuma Mai Girma Bishop na Wusasa da dattawan ikilisiya.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nasara. Ranka ya daɗe Bishop, ina gaisuwa tare da fatan jama'a suna lafiya.

Ni tsohon malamin makaranta ne, Musulmi, haifaffen cikin ganuwa, na yi shekara talatin da 'yan kai ina shan ƙurar alli kafin na ajiye. Na san ba a saba haɗa ku a takarda ɗaya ba, kuma talaka irina bai kai ya yi wa fada wasiƙa a bainar jama'a ba. A yi mini afuwa. Maganar ce ta zo da ƙafa biyu, ɗaya a cikin birni ɗaya a gindin dutsen Wusasa, in na aika wa ɗayanku shi kaɗai, rabinta kawai na aika.

Dab da zan bar aiki, wata rana na tambayi 'yan ajin ƙarshe na sakandare ko wane ne Barau Dikko. Hannu ya tashi ko'ina, har raina ya yi fari. Yarinyar da na nuna ta miƙe ta ce, "Malam, asibiti ne a Kaduna." Aji ya ɗauka da "haka ne". Ban yi dariya ba, ban kuma yi faɗa ba, don laifin ya fi kusa da ni fiye da ita. Na ce musu mutum ne, shi ne likitan zamani na farko da Arewa ta samu, ya yi karatu a Jami'ar Bamingham ta Ingila, kuma shi ne shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa. Wani yaro daga baya ya ce, to wa ya koya masa karatu tun farko, alhali an ce a lokacin ba makaranta? Wannan tambaya ce ta kai mu ga Likita Mila, ita ce kuma ta haifi wannan takarda, ko da yake ta yi shekaru tana cina kafin na zauna rubutawa.

Walter Miller, wanda kakanninmu suka sani da Likita Mila, an haife shi a yankin Debon na Ingila a 1872. Ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan, ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a matsayina na malami shi ne inda ya fara. Kafin ya taka ƙasar Hausa sai da ya tafi Tarabulus, inda akwai Hausawa fatake da maniyyata da bayin da aka ketara da su Sahara, ya zauna ya zama ɗalibi. Likita ne mai takardar shaida, amma ya durƙusa gaban mutanen da Turawan zamaninsa ba su ɗauka a bakin komai ba, yana maimaita "ƙ" da "ɗ" da "ts" har harshensa ya karye. A can ya haɗu da wani yaro, Abdulmajid Tafida, wanda ya taso daga ƙasar Katsina a kan hanyar hajji, wanda daga baya ya zama na hannun damansa a aikin fassara. Ina roƙon a riƙe sunan yaron nan, zan dawo kansa.

A 1900 su biyar suka taso daga Legas ƙarƙashin Bishop Tugwell, niyyarsu Kano. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su hannu biyu. Sarkin Kano Alu kuwa bai ɓata lokaci ba, ya ce su tattara su bar masa gari cikin 'yan kwanaki. Suka komo Girku, kudu da Zariya, suka rakuɓe kusa da sansanin soja, a nan ɗayansu, Ryder, ya rasu. Da wani ne, daga nan sai gida. Mila ya sake dawowa, har a 1905 ya samu shiga cikin birnin Zariya a zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya zauna a Durumin Maigarke, ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta.

Burinsa game da makarantar babba ne. Ya so ya tara 'ya'yan sarakuna da malamai ya koya musu karatu da rubutu da haruffan boko, kuma Gwamna Lugga ya ba shi goyon baya. Amma Lugga ɗin nan shi ne ya yi alkawari a Sakkwato a 1903 cewa gwamnati ba za ta taɓa addinin mutane ba, sarakuna kuma ba yara ba ne, sun san wanda ya zo da allo a hannun dama, littafinsa na addini yana hannun hagu. Da Lugga ya tafi a 1906, wanda ya gaje shi ya juya wa shirin baya. Gwamnati ta buɗe tata makarantar a Nasarawa ta Kano a 1909 a hannun Hanns Vischer, Ɗan Hausa, wanda shi ma da rigar mishan ya fara shigowa ƙasar nan kafin ya koma aikin gwamnati. Sai Mila ya ƙare da yaran da ba 'ya'yan kowa ba: marayu, 'yantattun bayi, da 'ya'yan talakawa ƙalilan da iyayensu suka yi ƙarfin hali.

A 1913 wasu mutane suka zo masa da ƙafarsu, su ne Isawa, mabiyan Malam Ibrahim da aka kashe a Kano tun zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi saboda irin matsayin da ya ba Annabi Isa a karatunsa. Aka kafa musu zango a Gimi, suka yi gonaki, suka fara makaranta. Ba a daɗe ba ƙudan tsando ya shigo musu da ciwon barci, ya yi musu ɗauki ɗai-ɗai, garin ya watse. Yaran da suka tsira aka kwaso su zuwa Zariya wurin Mila. Daga zuriyar mutanen nan Farfesa Ishaya Audu ya fito, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ministan harkokin waje a jamhuriya ta biyu. Duk lokacin da na bi ta Samaru na ga motoci suna tururuwa a babbar ƙofa, nakan tuna cewa mutumin da ya riƙe wurin nan shekara tara, har da shekarun yaƙin basasa, asalinsa wani ƙauye ne da ƙuda ya tasa.

A 1929 aka fitar da mishan daga cikin birni zuwa Wusasa. Mila bai so ba, domin shi a ganinsa malami ba ya barin cikin mutane ya koma bayan gari. Amma a can ne abin ya yi saiwa: cocin St Bartholomew da magina Hausawa suka ɗora da tubali da azara irin ginin gidajen sarauta, makarantar da Janar Yakubu Gowon ya yi firamare, asibitin St Luke da matan birni da yawa, har da gwaggona, suka haihu a ciki. Daga Wusasa John Tafida ya fito, wanda tare da Rupert East suka rubuta Jiki Magayi, ɗaya daga cikin ƙagaggun labaran farko na boko, littafin da na koyar har na haddace wasu shafukansa ban taɓa gaya wa ɗalibai daga wace unguwa marubucin yake ba. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, aikin da Mila ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai. Ya bar CMS, ya koma Ingila, Ingila ta ƙi zaunuwa, ya dawo. A ƙasar Jos ya ƙarasa kwanakinsa, ya rasu a 1952. Mukan ce baƙo raɓa ne. Wannan raɓar ta kwana shekara hamsin.

Iyakar labarin ke nan kamar yadda ake ba da shi a coci ranar tunawa, kuma duk gaskiya ne.

Ranka ya daɗe Bishop, a cikin birni da wani labarin muka tashi, shi ma kuma ba ƙarya ba ne. Mila bai zo don ya koya wa kakanninmu lissafi ba. Ya zo ne don ya raba su da addininsu, bai kuma taɓa ɓoyewa ba, wannan ma na yaba masa, don ya fi mai fuska biyu. Alƙalaminsa yana da kaifi a kan Musulunci da sarakunan Fulani, ya rubuta maganganun da ko a yau Musulmi ya karanta sai ransa ya sosu. Yana da taurin kai, ya yi rigima da razdanoni, ya yi da abokan aikinsa na mishan. Sannan ga maganar da ta fi ciwo. Sarkin da ya ba shi masauki, Aliyu Ɗan Sidi, malami, mawaƙin da har yau ake nazarin baitocinsa a jami'a, shi ne Mila ya riƙa rubuta ƙorafi a kansa yana kai wa Turawan mulki. A 1920 aka tuɓe Sarki aka kai shi Lakwaja, a can ya rasu, a garin da aka ajiye Sarkin Kano Alu. Wanda ya kori baƙon da wanda ya sauke shi, ƙasa ɗaya ta rufe su. Turawan mulki ne suka sa hannu a takardar, kowa ya sani, amma zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Kakata har ta koma ga Allah, in an ambaci Likita Mila sai ta ja tsaki, alhali a asibitin Wusasa aka ceci 'yarta daga naƙuda mai tsanani. Ba ta taɓa ganin saɓani tsakanin tsakin nan da godiyar da take yi wa ma'aikatan asibitin ba. Ni ma da na girma na daina gani.

Allah ya taimaki Sarki, na san inda na taka. Sarautar Zazzau ta dawo gidan Mallawa, gidan su Ɗan Sidi, a 2020, shekara ɗari cif bayan fitar Ɗan Sidi, don haka wannan magana a fada ta cikin gida ce. Shi ya sa ma nake ganin babu wanda ya fi Sarki cancantar ya ce a buɗe ta. In wani ya ce a tuna da Mila, za a ce ya manta da abin da aka yi wa Mallawa. In Sarki ya faɗa, ba mai cewa haka. Kuma akwai abin da ya kamata mu mutanen birni mu haɗiye, ko da ɗaci. Wasu abubuwan da Mila ya yi ta kuka a kansu, zaluncin masu karɓar haraji, da cinikin mutane a ɓoye bayan an hana, da yadda mulkin Turawa ta hannun sarakuna ya bar talaka ba makaranta ba asibiti, su ne 'yan NEPU suka zo suna faɗa da bakin Hausa bayan shekaru, muka tafa musu. A 1947 ya fitar da littafi sukutum yana tambayar 'yan'uwansa Turawa ko sun gaza a Nijeriya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ban ce duk abin da ya faɗa a kan Sarki Aliyu gaskiya ne ba. Cewa na yi a fito da takardun a karanta, a ji bakin kowa, shi Sarki Aliyu ma ai ya bar nasa bakin a cikin waƙoƙinsa.

Abin da ya ƙara tunzura ni wani abu ne da na gani da idona. Ina da aboki tun muna samari, Bahaushe Kirista ɗan Wusasa, wanda Zazzagancinsa ya fi nawa tsabta, in ya ce "ina gajiya" sai ka rantse daga zauren wani malami ya fito. Na je yi masa ta'aziyyar mahaifiyarsa, bayan an watse ya ja ni ɗakin tsohuwar, ya buɗe wata adaka ta ƙarfe da ke ƙarƙashin gado. A ciki akwai Littafi Mai Tsarki tsohon bugu, an naɗe shi da farin ƙyalle an sa cikin jakar fata, sak yadda kakana yake ajiye Alƙur'aninsa a gafaka. Ban taɓa ba sai da ya ce in taɓa. Gara ta ci gefen bangon, takardun sun yi ja kamar an jiƙa su da shayi. A shafin farko akwai sunayen 'ya'yan gidan da ranakun haihuwarsu, da tawada, hannu daban-daban, na sama da rubutun ajami, na ƙasa da boko. A ƙasan adakar kuma ga wani littafin rubutu na makaranta, an ja layi da fensir, yaro yana koyon jimla, malami ya bi da jan alƙalami yana gyarawa. Na tsaya a kan jan alƙalamin nan na daɗe. Ko hannun wane ne, hannun malami ne, na san yadda ake gajiya kafin a kai ƙarshen shafi, wannan kuwa bai tsallake ko layi ɗaya ba.

Na tambayi abokina me zai yi da su. Ya ce 'ya'yansa suna Abuja da Legas, Hausar ma da ƙyar suke karantawa. Ya mayar ya rufe adakar.

Adaka nawa ce irin wannan a Wusasa? Nawa ce a cikin birni, a gidajen da kakanninsu suka je wurin Mila karɓar magani ko koyon boko a ɓoye, suka dawo ba su bar sallarsu ba? Wannan ne roƙona. Fada da dayosis su haɗa hannu su samar da ɗaki ɗaya, ko da ɗaki biyu ne da zaure, inda za a tara abin da ya rage. Kano ta riƙe Gidan Ɗan Hausa, yara suna zuwa da motocin makaranta suna kallo, alhali shi Ɗan Hausa bai yi rabin zaman da Mila ya yi a ƙasar nan ba. Wasiƙun da Mila da abokansa suka riƙa aikawa gida suna ajiye cikin kundin CMS a Jami'ar Bamingham, jami'ar da Barau Dikko ya yi karatu. Rahotannin razdanoni suna gidan adana takardu na ƙasa a Kaduna, ga Gidan Arewa kusa, ga sashen tarihi a Samaru cike da ɗaliban da ke neman abin da za su yi bincike a kai. A zamanin da waya take ɗaukar hoton takarda, kwafin waɗannan bai fi ƙarfin wasiƙa ɗaya mai ɗauke da hatimin Sarki da sa hannun Bishop ba.

Takarda ma tana iya jira. Tsofaffi ne ba sa jira. Wanda ya ga Mila da idonsa yana yaro mai wayo, yau ya haura tamanin. A tura matasa biyu-biyu, ɗaya daga birni ɗaya daga Wusasa, su zauna gaban waɗannan dattawa da na'urar ɗaukar murya, a fara da mata, don su ne suka riƙe labarin asibiti da na makarantar 'yan mata, kuma su ne ba a cika tambaya ba. Kada a tace. Wadda za ta yi tsaki a bar ta ta yi, a ɗauka.

Na ce zan dawo kan Abdulmajid Tafida. Duk inda aka rubuta tarihin fassarar 1932, sunan Bature ne a sama. Amma ni malamin Hausa ne, na san Baturen da ya koyi harshe yana da shekara kusan talatin ba zai zaɓi tsakanin "alheri" da "jinƙai" da "rahama" shi kaɗai ba. Akwai waɗanda suka zauna da shi a tabarma shekara da shekaru suna cewa, "A'a Likita, ba a faɗa haka." Wasunsu sun bi addininsa, wasu malaman zaure ne da suka sha shayinsa suka koma masallacinsu. Haka magina da suka ɗaga bakan gizon cocin Wusasa, da ungozomomi, da malaman aji da suka riƙe makarantar bayan ya tafi. In za a yi ɗakin nan, ina roƙon bangon farko ya zama nasu, a bi gida-gida a tono sunayensu tun ana iya tunawa. Hoton Likita ya zo a bango na biyu, bai rage shi da komai ba.

Sai batun abin da za a rubuta a ƙarƙashin hoton, wanda na san a nan za a yi ta ja. Shawarata kada a bar wa ɓangare ɗaya. In coci ta rubuta ita kaɗai, waliyyi za mu gani. In mu muka rubuta, ɗan leƙen asiri za a gani. A zaunar da limami da fasto da malamin tarihi a tabarma ɗaya, kada a sallame su sai sun fito da sakin layi ɗaya da kowannensu zai iya karantawa a gaban jama'arsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. In ya ɗauke su wata shida, ya ɗauka. A Durumin Maigarke kuma ko ɗan allo ne a kafa, mai cewa a nan aka yi makaranta daga 1905 zuwa 1929, da izinin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi. A sa sunan Sarkin da manyan baƙaƙe, don shi ya ba da wurin.

Na san za a ce jihar nan tana da abin da ya fi wannan gaggawa, kuma duk abin da ya haɗa coci da masallaci a Kaduna ana taka shi ne kamar ƙwai. Na sani, na ga rikicin addini na 1987 da idona, na ga hayaƙi ya tashi a Wusasa, ban kuma manta fuskar abokin nan nawa da na je dubiya bayan kwana biyu ba. Yaran da suka ɗauki ashana a ranar, da an taɓa kai su ɗaki irin wanda nake roƙo sun ga sunayen kakanni da ajami a cikin littafin maƙwabcinsu, ban ce da ba su yi ba, amma da wani a cikinsu ya yi jim.

Ni dai ba ni da kuɗi, fansho ne, kowa ya san halinsa. Ina da lokaci, ina karanta ajami da tsohon boko na kafin a sa wa haruffa lanƙwasa, kuma abokina ya ce in har aka samu wurin da gara ba za ta kai ba, zai ba da adakar mahaifiyarsa da duk abin da ke ciki. Na ce masa ya ɗora ta a kan bulo kafin damina ta sauka, ya ce ya ɗora.

Allah ya ja zamanin Sarki. Ranka ya daɗe Bishop, a huta lafiya.

Naku,
Tsohon malamin makaranta, daga cikin birnin Zariya.